Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya



Kowace safiya idan na buɗe rajistar aji uku ina kiran suna, akwai sunaye bakwai ko takwas da nakan tsallake in bar gurbinsu, domin na san masu su suna tafe, hanya ce ta riƙe su. Yara ne na sabuwar unguwar da ta tsiro a ƙetaren babban titi, a nan bayan birnin Kano. Daga gidajensu zuwa ƙofar makarantarmu bai kai tafiyar minti goma sha biyar ba, amma a tsakani akwai kwalta mai hannu biyu wadda tireloli da tankokin mai ke zuba gudu a kanta dare da rana, babu gadar masu tafiya a ƙasa, babu alamar tsallakawa, babu mai tsayar da mota. Sai yaran su taru a bakin titi, babba riƙe da hannun ƙarami, har Allah ya kawo wani dattijo mai tausayi ya tsallakar da su. Ran da aka yi sa'a su iso ana tsakiyar darasin farko. Ran da ba a yi ba, wasunsu su juya gida.

Shekara biyu da suka wuce, wata safiya da hazo ya sauka, wata yarinya 'yar aji biyu ta gaji da jira ta sa kai. Allah ya yi da sauran kwananta, amma ta yi wata huɗu a kwance da karaya a cinya. Da ta warke mahaifinta ya rantse ba za ta ƙara tsallaka titin nan ba, kuma ban ga laifinsa ba. Makarantar da ke ɓangarensu ta kuɗi ce, shi kuwa leburanci yake yi. Yau yarinyar tana tallan awara. A takardun ofis an sa ta cikin jerin yaran da suka bar makaranta, kuma in an zo bayani za a ce talauci ne ko sakacin iyaye. Ni da na san yadda aka yi, na san titi ne ya kore ta. Shi kuwa titin, inda zai bi da faɗinsa da abin da za a sa masa da abin da za a bari, duk an yanke su tun kafin a haife ta, a wani zama da babu malami, babu uba, babu uwa.

Wannan ya sa na ga ya dace in ɗauko zancen tsarin sufuri na dogon zango a wannan mujalla tamu. Na san wani zai ce me ya haɗa malamin firamare da aikin injiniyoyi. A ganina abin da ya haɗa mu da shi yana da yawa, kuma lokaci ya yi da ƙungiyarmu za ta nemi kujera a inda ake zana hanyoyin da mu da ɗalibanmu za mu bi nan da shekara ashirin.

Me ake nufi da tsarin dogon zango

Abin ba baƙo ba ne ga malami. Babu malamin kirki da zai shiga aji bai san inda darasin yau zai haɗu da na mako mai zuwa ba, kuma manhajar da muke bi an tsara ta ne yadda abin da yaro ya koya a aji ɗaya zai ɗauke shi har aji shida. Haka tsarin sufuri yake. Takarda ce da taswira da ke amsa wasu tambayoyi: nan da shekara ashirin ko ashirin da biyar mutum nawa ne za su zauna a wannan yanki? A ina za su zauna? Ina za su riƙa zuwa aiki da kasuwa da makaranta da asibiti? Da me za su je, nawa za su biya? Wane aiki za a fara, wanne zai jira, kuma daga ina kuɗin zai fito? Daga amsoshin nan ake keɓe filin titi tun yana gona, a keɓe wurin tasha da layin dogo da magudanar ruwa da hanyar masu ƙafa da masu keke. Ana ce masa na yanki saboda ba ya tsayawa a iyakar ƙaramar hukuma ko ta jiha, tun da matafiyi ma ba ya tsayawa a can.

Dalilin da ya sa ake hangen nesa haka shi ne, titi ba ya ginuwa a kwana ɗaya kuma ba ya gyaruwa a kwana ɗaya. Kafin a zuba kwalta sai an yi awo, an biya diyya, an sa kuɗi a kasafi, an ba da kwangila, kowanne da shekarunsa. In an gama kuma, gada da layin dogo sukan fi wanda ya gina su tsawon rai. Malamin da ya yi kuskure a allo zai goge ya gyara kafin a tashi. Kuskuren da aka yi da kankare, jikoki ne ke gadonsa.

Abin da tarihin Kano ya koya mana

Layin dogo ya iso Kano a 1911. Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa shi ne domin amfanin kansu, suna fatan kwasar auduga zuwa masaƙun Ingila, sai manomanmu suka ga gyaɗa ta fi riba suka karkata gare ta, daga nan dalar gyaɗa ta samo asali. Goron da fatake ke yin watanni suna ɗaukowa daga Gwanja a kan jakuna ya koma zuwa ta Ikko a cikin tarago. Sabon Gari ya kafu kusa da tasha, kamfanoni suka jeru a gefen layi, daga baya masana'antun Bompai suka biyo baya. Aka miƙa reshe zuwa Ƙauran Namoda a 1929, zuwa Nguru a 1930, zuwa Maiduguri a 1964. Garuruwan da dogo ya ratsa suka bunƙasa, wasu tsofaffin zangunan fatake kuwa suka dushe. Shawarar da aka yanke fiye da shekara ɗari da goma da suka wuce, har yau ita ce ta nuna inda kasuwanninmu da unguwanninmu da yawa suke.

A farkon shekarun 1960 hukuma ta sa wani Bature masanin tsara birane mai suna Trevallion ya zana wa Kano tsarin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983. Wa'adin wannan tsari ya cika fiye da shekara arba'in da suka wuce, birnin kuwa bai tsaya jiran kowa ba. Yau ya mamaye ƙananan hukumomi takwas: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Ungogo da Kumbotso, yana kuma cin gonakin maƙwabtansu. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum sama da miliyan tara, kuma kowa ya san abin da aka ƙaru tun daga lokacin. Mu da ke kiran rajista mun fi kowa sani. Waɗanda muka haura shekara arba'in muna tuna lokacin da wurare da dama da yanzu suka cika maƙil da gidaje gonakin dawa da gero ne.

Yawancin waɗannan unguwanni ta hanyar awon igiya suka samu. Mai gona ya yanka filaye ya sayar, ya bar lungu iya wucewar amalanke, babu filin makaranta, babu na asibiti, babu na tasha. Bayan gidaje sun cika sai a tuna ana bukatar titi. Daga nan ko dai a rushe gidajen talakawa a biya diyyar da ba ta isa sayen wani fili ba, ko a bar unguwa ba hanyar da motar kashe gobara za ta shiga. Da an keɓe hanyar tun wurin yana gona, da kuɗin diyyar ya gina ajujuwa masu yawa. Magabata sun gama magana da suka ce tun ran gini ran zane.

Aljihun malami da kuɗin mota

A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano marigayi Alhaji Ado Bayero, gwamnati ta hana sana'ar acaɓa a cikin birni. Dalili ne na tsaro, kuma an yanke shi cikin 'yan kwanaki. Giɓin da acaɓa ta bari, Adaidaita Sahu ce ta cike shi, wadda da farko aka kawo ta domin ɗaukar mata. Ta haka birni mai miliyoyin jama'a ya wayi gari ya rataya zirga-zirgarsa a kan keke mai ƙafa uku. Babu wanda ya zauna ya zaɓi haka. Rashin wani tanadi ne ya zaɓar mana. Mun ga abin da hakan ke nufi a farkon 2021 da farkon 2022, lokacin da masu Adaidaita suka shiga yajin aiki: tituna suka cika da masu tafiya a ƙasa, ajujuwa suka zama rabi, malamai mata da ke zuwa daga nesa da yawansu ba su iya isowa ba.

Sai kuma ranar 29 ga Mayun 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce haka nesa. Ni Adaidaita biyu nake hawa zuwa makaranta, biyu dawowa. Da na zauna na yi lissafi, sai na ga kuɗin mota na cinye abin da ya kusa kashi ɗaya cikin uku na albashina. An ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, mun gode wa shugabanninmu da suka yi gwagwarmayar, amma kowannenmu ya san kaso mai tsoka na ƙarin a bakin titi ya tsaya.

Ga lissafin da ɗan aji huɗu zai iya yi. Babbar bas mai ɗaukar mutum sittin tana ɗaukar abin da Adaidaita goma sha biyar ke ɗauka, da inji ɗaya da direba ɗaya, don haka kuɗin da zai hau kan kowane fasinja ya fi sauƙi. Amma sayen bas kaɗai ba ya wadatarwa, kuma mun sha ganin an sayo motoci an yi bikin ƙaddamarwa, bayan shekara biyu sun zama gawa a gareji. Bas tana bukatar layinta a kan titi don kada ta maƙale a cunkoso, tana bukatar wuraren tsayawa, da garejin gyara, da hukumar da za ta tsaya a kanta ko da an canza gwamnati. Duk waɗannan fili ne da doka da kuɗi, kuma ba a samun su sai da shiri tun da wuri. Ba ina cewa a kori masu Adaidaita ba. Da yawansu tsofaffin ɗalibanmu ne, da wannan sana'a suke ciyar da iyali. Tsari mai kyau zai ba su aikin kwaso mutane daga cikin unguwanni zuwa manyan layuka, su samu abincinsu, fasinja ya samu sauƙi.

Hanya ba ta san iyaka ba

Tirelolin da ke hana ɗalibaina tsallakawa ba a unguwarmu aka yi musu lodi ba. Hatsin da ke shiga kasuwar Dawanau yana fitowa daga jihohi da dama, yana kuma fita har Nijar da Chadi da Kamaru. Tumatirin Kadawa da Kwanar Gafan kudu yake nufa. Shanun kasuwar Wudil daga gabas suke zuwa. Shugaban ƙaramar hukuma ba shi da ikon cewa waɗannan motoci su kewaye gari, ko a yi musu wurin kwana a bayan gari, ko a mai da kayan kan jirgin ƙasa. Ƙari a kan haka, hanyoyin ƙasar nan kashi uku ne: na tarayya, na jiha, da na ƙananan hukumomi. Yaro ɗaya yakan taka dukkan ukun kafin ya iso aji. In an je wa wannan ofis da kukan gadar tsallakawa sai ya ce titin ba nasa ba ne, wancan ya ce makarantar ba tasa ba ce. Tsarin yanki shi ne teburin da zai tilasta musu zama tare.

'Yan'uwanmu da ke koyarwa a karkara sun fi mu sanin zafin wannan. Akwai makarantun da in damina ta kankama, kwalbati ɗaya ya karye, sai malami ya yi mako bai isa ba. Shi ya sa kowa ke neman a dawo da shi gari, makarantun ƙauye su zauna da malami ɗaya ko biyu. Muna kiran wannan matsalar rabon malamai, alhali rabinta matsalar hanya ce.

Ba kuma za mu manta da Bagwai ba. A ƙarshen watan Nuwamban 2021 kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari ɗauke da mutanen ƙauyen Badau, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi, aka rasa rayuka fiye da ashirin. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Mun yi imani da ƙaddara, amma addininmu bai hana mu tambaya ba. An gina dam ɗin shekaru da yawa kafin a haifi yaran nan, ruwansa kuma yana tsakanin ƙauyen da garin. Ranar da aka zana dam, ranar ce ya kamata a zana yadda mutanen ƙetare za su riƙa isa kasuwa da asibiti da makaranta cikin aminci.

Dogon Kano zuwa Maraɗi

Yanzu ga wata shawara irin ta 1911 ana aiwatar da ita a gabanmu. A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda zai bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Jihohi uku ke nan da ƙasar maƙwabta. An yi ta muhawara kan ko ya dace Nijeriya ta kai dogo har cikin Nijar. Ni a ganina, wanda ya san zumunci da cinikin da ke tsakanin Katsina da Maraɗi tun kafin a ja iyaka ba zai yi mamakin layin ba. Tambayoyin da suka fi damuna su ne waɗanda ba na jin ana yi a bainar jama'a.

Yaya mutum zai isa tasha daga cikin gari, kuma nawa zai biya? Jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 tashoshinsa na ƙarshe suna Idu da Rigasa, duka a gefen gari, kuma duk wanda ya hau shi ya san isa tashar ma wata tafiya ce mai cin kuɗinta. Shin jirgin Maraɗi zai tsaya a ƙananan garuruwa ya ɗauki malami da ɗan kasuwa da mai jinya, ko kuwa zai wuce su da gudu suna kallo? Inda layin ya raba ƙauye da makarantarsa ko da gonakinsa, an yi wa yara da dabbobi mashiga? Wace hanya za ta haɗa shi da Dawanau da tashar sauke kaya ta kan tudu da ke Zawaciki, domin tireloli su ragu a kan titunanmu? Filayen da ke kewaye da tashoshin, waɗanda nan da shekara goma za su zama unguwanni, an keɓe musu filin makaranta, ko za a sake barin su ga awon igiya? Kowace daga cikin tambayoyin nan tana da arha yau. Bayan an gama gini za ta yi tsada, wata ma ba za ta amsu ba.

Akwai kuma ƙofofi biyu da suka buɗe. A watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki yadda jihohi ma za su iya shimfiɗa layin dogo, abin da a da ikon tarayya ne kaɗai. A 2024 kuma aka sa hannu a dokar kafa hukumar raya yankin Arewa maso Yamma mai jihohi bakwai. Uzurin cewa babu iko ko babu wurin zama tare ya ragu ƙwarai.

Darasi daga Legas

Ba sai mun je Turai neman misali ba. A 1983 gwamnan Legas Lateef Jakande ya ƙaddamar da aikin jirgin ƙasa na cikin birni, gwamnatin soja ta soke shi a 1985. Mutanen Legas ba su hau irin wannan jirgi ba sai a watan Satumban 2023, shekara arba'in bayan ƙaddamarwar farko. Yaran da aka haifa a shekarar da aka soke aikin sun girma, sun yi aure, sun haihu a cikin cunkoso. Wannan shi ne farashin watsi da tsari.

Ɗaya gefen labarin kuma, a 2002 jihar ta kafa hukuma guda mai kula da tsarin sufurin birnin gaba ɗaya. A 2008 aka buɗe layin manyan bas mai hanyarsa ta daban, sannan aikin jirgin ya ci gaba a hannun gwamnoni da dama har ya kammala kashinsa na farko. An yi jinkiri, an kashe kuɗi masu yawa, cunkoson Legas kuma bai ƙare ba. Amma taswirar ta rayu bayan waɗanda suka zana ta sun bar mulki, kuma abin da muke nema ke nan.

Ga masu cewa ba yanzu ba

Na san abin da wasu 'yan'uwa za su ce, domin sun faɗa mini a ɗakin malamai. Na farko, ga ƙarin girma da ba a biya ba, ga haƙƙin 'yan fansho, ga aji mai yara fiye da ɗari a kan tabarma, sai mu ɗauko zancen shekara ashirin? Gaskiya ne waɗannan su ne gaba, kuma ban ce a ajiye su ba. Amma nairar da aka ƙara mana da wadda aka rage mana a kuɗin mota darajarsu ɗaya a kasuwa. Ƙungiyar da ke faɗa kan abin da ke shiga aljihun malami, ya kamata ta kula da ramin da yake zurarewa.

Na biyu, sun ce takardun tsari a ƙasar nan ƙura suke sha a kabad, kowane gwamna da nasa. Wannan ma akwai gaskiya a ciki. Wa'adin mulki shekara huɗu ne, don haka mai mulki ya fi son aikin da za a gani kafin zaɓe. Gadojin sama da na ƙasa da aka yi a Kano cikin shekarun nan sun sauƙaƙa wasu mahaɗu, ba mai musun haka. Sai dai gada tana warware matsalar mai mota a wuri ɗaya, yaron da ke tafe a ƙasa kuwa sau da yawa motar ta ƙara masa gudu ne kawai. Abin da ke sa takarda ta sha ƙura shi ne jama'a ba su san da ita ba. Tsarin da aka buga, aka fassara da Hausa, aka karanta a rediyo, majalisa ta mai da shi doka, ba ya jefuwa a kwandon shara cikin sauƙi, domin akwai masu tambayar inda aka kwana.

Na uku, sun ce wa ya san gobe in ba Allah ba? Haka ne. Amma manomi ba ya ƙin tanadin iri don bai san yadda damina za ta kasance ba. Tsari ma ana waiwayarsa duk bayan 'yan shekaru a gyara inda hasashe ya kauce.

Abin da ya rage gare mu

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babu ma'aikatar da ta kai mu sanin inda yara ke fitowa da inda suke tsallakawa, domin babu unguwa ko ƙauyen da ba mu da wakili a cikinsa. Saboda haka ina ba reshenmu shawarwari huɗu.

Na farko, kowace makaranta ta zana taswirar hanyoyin da ɗalibanta ke bi, a sa alama a duk mahaɗa mai haɗari, da rafin da ke cika da damina, da kwalbatin da ya karye. 'Yan aji shida za su iya wannan a darasin nazarin zamantakewa, da taimakon kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai. Reshe ya tattara su wuri ɗaya. Ba ya bukatar komai sai takarda da fensir, kuma hujja ce da babu injiniyan da zai raina ta.

Na biyu, uwar ƙungiya ta jiha ta rubuta wa majalisar dokoki da ma'aikatun da abin ya shafa, ta nemi a fito da tsarin sufuri na shekara ashirin wanda ya haɗa birni da karkara da jihohin maƙwabta, a buga shi da Hausa, a yi zaman jin ra'ayin jama'a a kowace shiyya, a kuma sa shi cikin doka.

Na uku, mu nemi ƙa'ida ɗaya mai sauƙi: kada a ba da kwangilar sabon titi ko faɗaɗa tsoho kusa da makaranta sai an sa wurin tsallakawa da hanyar masu ƙafa da abin rage gudu a cikin kuɗin kwangilar tun farko, kuma kada a sake gina sabuwar makaranta ƙofarta na kallon babbar hanya.

Na huɗu, idan an kira taron jin ra'ayi kan kasafin kuɗi mu tura wakilai da takarda a hannu, idan kuma 'yan takara suka zo neman ƙuri'unmu da na iyalanmu, mu tambaye su wace hanya za su keɓe yau domin wanda zai gaje su ya gina.

Yaron da na karɓa a aji ɗaya bana yana da shekara shida. Nan da shekara ashirin yana da ashirin da shida, yana neman aiki, wataƙila da mata da ɗa. Ko zai isa wurin aikinsa cikin rabin awa ko cikin awa biyu, ko albashinsa zai ƙare a hanya, ko ɗansa zai tsallaka titi lafiya, ana yanke wannan ne a 'yan shekarun nan da muke ciki. Mu da aikinmu shi ne shuka abin da ba lalle mu ga girbinsa ba, bai kamata a koya mana amfanin hangen nesa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gobe da safe zan sake buɗe rajista, zan sake tsallake sunayen nan ina sauraren ƙarar motoci. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu a hanya, ya ba shugabanninmu ikon duban nesa, mu kuma ya ba mu ƙarfin tuna musu. Wassalam.